Maɗacin Yantala

A Yamai da wuya ka ga maɗaci mai lafiyayyen jiki. Bi tsofaffin titunan gari, ka gangara hanyar bakin kogi ta Yantala har ka doshi Gudel, kana duban gindin kowane maɗaci daga gwiwa zuwa iyakar inda hannun mutum ke kaiwa. Tabo ne bisa tabo, wani ya warke ya tattare, wani ɗanye jawur. Daga nan zuwa sama, inda sai da tsani, ɓawo na nan yadda Allah ya halicce shi. Abin da ya jawo wa icen wannan hali shi ne yana da magani. Ɓawonsa ake jiƙawa a sha don zazzaɓi da ciwon ciki da tsutsa, a wanke gyambo da ruwansa, a ɗura wa doki da saniya. Faransawa da suka jera shi a bakin titunan biranen da suka mulka, har da Yamai da ta karɓi mazaunin gwamna daga Damagaram a 1926, inuwa suke nema. 'Yan gari suka karɓi inuwar, suka haɗa da ɓawon. Dokar gandun daji ta 1974 ta sa maɗaci cikin itatuwan da aka kare, tare da gawo da giginya da kaɗanya da tsamiya, amma ma'aikacin gandun daji ba a gindin ice yake kwana ba.

Sassaƙa tana da ladabinta, kuma masu magani na dauri sun san shi. Mutum zai yi sammako ya je, ya yi bisimilla, wani har ya zuba ɗan gero a gindi. Ya ɗebi faɗin tafin hannu ta gabas, ya ɗebi wani ta yamma, ya bar kudu da arewa. Kafin ya tashi sai ya kwaɓa laka da kashin shanu ya shafe wurin, don kada rana ta ƙona shi, kada gara da ƙwari su sami ƙofa. Ba ya sake waiwayar wannan icen sai bakin raunin ya haɗe, ko da shekara uku za a yi. Tsofaffi ba su karanta dalilin a littafi ba, amma dalilin na nan. Ruwa ta cikin katako yake hawa daga saiwa zuwa ganye. Abincin da ganye ke haɗawa da hasken rana kuwa ta wani siririn sashe mai danshi da ke cikin ɓawo yake sauka zuwa saiwa. In aka zagaye ice da yanka, ruwa ba ya fasa hawa, ganye yana nan kore, inuwa tana nan. Saiwa ce ke kwana da yunwa can ƙarƙashin ƙasa har ta cinye ajiyarta. Sai bayan damina ɗaya ko biyu rassa su fara bushewa daga sama, lokacin da mai yankan ya daɗe da manta hanyar wurin.

To, a cikin garake na bakin kogi a Yantala, inda ake noman salati da kabeji da zogale, akwai wani babban maɗaci mai kai biyu a bakin garkar wani tsoho. Tsohon daga Dogon Dutsi ya zo tun yana saurayi, kuma a nan ya tarar da icen. A gindinsa yake ajiye butocin ban ruwa, a nan yake sallar azahar. Bayan darni kuma ya jera 'ya'yan icen da ya raina a cikin leda, yana sayar wa masu sababbin gidaje. Matan unguwa sukan zo su roƙi ɗan sassaƙe in yaro ya kwana da zafin jiki, ya yanka musu da kansa, ya shafe da kansa. Icen na da wani tsohon tabo ta ɓangaren kogi, tun na farin 1984, lokacin da makiyaya suka zo da ragowar shanunsu suka sassare masa reshe guda har ya tsage jikin gindin. Shekaru suka bi ta kansa, ɓawo ya miƙo daga dama da hagu ya rufe shi. Wanda bai sani ba sai ya ce kumburi ne kawai.

Wata rana da hantsi farar mota ta tsaya a bakin kwalta, mutum huɗu suka sauko: wata Madam mai gilashi, samari biyu masu jakunkuna, da tafinta, wani ɗalibi ɗan unguwar da tsoho ya sani tun yana zuwa satar mangwaro. Mutane ne masu ladabi ƙwarai. Sun gaida tsoho har da durƙusawa. Suka ce masu nazarin itatuwa ne, suna so su gane abin da ke sa maɗaci ɗaci, don a amfani jama'a nan gaba. Kuma ba da ka suka zo ba. Suna da takarda daga babban ofishinsu na ƙasar waje, inda wani kwamiti ya zauna ya duba aikin ya ce ba cutarwa a ciki. Suna da ta hukuma mai hatimi biyu. Sun biya ta wajen mai unguwa. Saura ta tsoho, wadda aka rubuta da Faransanci, tafinta ya karanta masa a tsaye.

"Baba, an ce ba dole. An ce ko an fara, in aka ji ciwo, mai abin yana da ikon ya ce a tsaya."

"Wa zai ce a tsaya?"

"Mai abin, Baba."

"Ni ko icen?"

Tafinta ya juya maganar. Madam ta yi murmushi, ta ce wannan tambaya ce mai kyau, ta rubuta ta a littafinta. Aka shafa wa tsoho tawada a babban yatsa ya dangwala. Aka ba shi sabulu sanda biyu, da kwalin sukari, da jika biyu, aka kuma bayyana masa cewa wannan ba kuɗin ɓawo ba ne, don ɓawo ba a sayensa a ƙa'idarsu, na ɓata masa lokaci ne.

Aikinsu da tsabta yake. Ba gizago, ba gatari, sai wuƙaƙe sirara masu walƙiya da suke gogewa da auduga. Ɓawon waje mai kaushi, wanda kowa ke gani, ba shi suke so ba, sukan kankare shi su zubar. Na can ciki suke nema, mai danshi, ja, wanda ke manne da katako. Suna da haƙuri kuma. In wuƙa ta ci karo da tauri ba sa dannawa, sai su ɗan saurara, su kewayo ta gefe da wata wuƙar, domin an koya musu cewa abin da ya ƙi fitowa ta gaba yakan fito ta gefe. Can ɗaya daga cikin samarin ya gano tsohon tabon nan, ya kira Madam. Tsoho ya ce wannan ya warke tuntuni, a bar shi. Aka ce masa ai shi ya sa yake da muhimmanci, a irin wurin nan ɗaci ke taruwa. Suka buɗe shi a hankali daga sama har ƙasa. Da ƙaro ya fara tsattsafowa yana bin gindi, duk suka yi tsit, saurayin ya matso da abin ɗaukar hoto, Madam ta ce yau an dace.

Tsoho ya kwaɓo laka a tsohuwar tasa. Aka roƙe shi ya dakata sai an gama hoto da awo. Da aka gama, rana ta yi ƙasa, kuma dokar ofishinsu ita ce mota ta koma gida kafin magariba. Madam ta ce rufe rauni ba ya cikin aikin da aka ba su kuɗinsa, amma akwai wata ƙungiya da ta ƙware a kansa, ga lambar wayarta, in aka ga ice ya nuna wata damuwa a kira. Tsoho ya shafe inda hannunsa ya kai. Sauran da tsani aka yanka, tsanin kuwa ya bi mota. Da jikansa ya kira lambar bayan wata biyu, aka ce masa shirin ya ƙare, ana jiran sabon kuɗi.

Sun cika alkawari ɗaya. Sun ce ba za su tona asirin kowa ba, kuma a kundin da suka fitar ba sunan tsoho, ba sunan garka. Lamba aka ba icen. Abin da aka rubuta kawai shi ne babban maɗaci ne mai kai biyu a wata unguwar bakin kogi a yammacin Yamai, kusa da injin ban ruwa, mai tsohon tabo ta ɓangaren ruwa, a garkar wani dattijo ɗan asalin gabas mai saurin ba da haɗin kai. Ga hoton raunin a bangon kundin, da kala.

Kada mai karatu ya ɗauka ɓawon ice abin rainawa ne, ko masu binsa mahaukata ne. Kwinin da ya ceci rayukan da Allah kaɗai ya san adadinsu daga ɓawon wani ice na duwatsun Peru da Bolibiya aka samo shi. Wasu masana biyu a Paris, Pelletier da Caventou, su suka tace shi a 1820. Da ƙarfinsa William Baikie ya hau wannan kogin namu daga bakin teku ya shiga Binuwai a 1854, ya dawo ba Bature ko ɗaya da zazzaɓi ya kashe masa, abin da ba a saba gani ba. Me ya biyo bayan wannan nasara a ƙasashenmu, kowa ya sani. Irin icen mafi ƙarfi kuwa, wani ɗan ƙasar Bolibiya ne, Manuel Incra Mamani, ya san inda yake. Ya shekara da shekaru yana hawa duwatsu yana jiran itatuwan su yi 'ya'ya masu kyau, har ya tara wa maigidansa, wani ɗan kasuwar Ingila mai suna Charles Ledger, a 1865. Holandawa suka sayi kaɗan daga ciki suka shuka a tsibirin Jawa, kafin yaƙin duniya na biyu kusan duk kwinin duniya daga can yake fitowa. Mamani kuwa, da ya sake komawa neman iri aka kama shi, aka yi masa dukan da ya zama ajalinsa a 1871. Icen har yau sunan Ledger yake ɗauke da shi a littattafai.

Mu koma Yantala. Kundin ya yi farin jini, aka karanta shi a manyan makarantu, aka gayyaci Madam taro a birane masu sanyi. Bayan damina sai ga wata motar. Su ma da takardunsu, su ma da sabulunsu. Sun karanta cewa akwai ice mai ɗaci na musamman, ga shi a bakin kwalta, tafiyar minti kaɗan daga masaukin baƙi, ga mai shi ba ya musu. Me zai kai mutum dajin Gaya ko na Tamu, ya sha rana da ƙura da fargabar hanya, alhali ga abu a cikin gari? Waɗannan ta kudu suka ɗiba, don sun ga gabas da yamma an taɓa, kuma su masu kiyaye ƙa'ida ne. Na bayansu suka ɗiba ta arewa. Wani ɗalibi mai neman babban digiri ya zo shi kaɗai a kan babur, ya ce shi ɗan tsakanin nan kawai yake so. Kowa ya tarar da tsohon tabon, kowa ya ɗan ƙara buɗa shi, don kowa yana so ya gani da idonsa. A cikinsu duka ba wanda ya ɗebi abin da ya wuce tafin hannu biyu, ba kuma wanda za a nuna a ce shi ya zagaye icen.

An taɓa ganin irin wannan a Kamaru. Akwai wani ice a duwatsunsu da ake fitar da ɓawonsa zuwa Turai don maganin ciwon mafitsarar tsofaffin maza. Aka kafa ƙa'ida mai kyau: a raba gindi huɗu, a ɗebi kashi biyu masu kallon juna, a bar biyu sai bayan shekaru. Sai dai wanda ya zo daga baya, kashi biyun da aka bari su yake tararwa. A 1995 aka sa icen cikin jerin waɗanda ake sa wa cinikinsu ido a duniya, a 2007 Tarayyar Turai ta dakatar da sayensa daga Kamaru. A Fotugal kuwa, inda ake ɓare wani icen don yin murfin kwalba, ba a fara taɓa shi sai ya kai wajen shekara 25, kuma doka ta hana a maimaita sai bayan shekara 9. Wanda ya ɓare yakan rubuta lambar shekarar da farin fenti a jikin icen, don na baya ya gani ya wuce. Amma can itatuwan na masu gonaki ne da suka san hanyar kotu.

Duk wannan lokaci maɗacin Yantala yana nan kore shar. Har wata tawaga ta zo musamman don wannan, ta auna faɗin inuwarsa, ta rubuta kundi a kan juriyar itatuwan Sahel, yadda suke shan wuya ba sa nunawa. Kundin ya nuna cewa sassaƙa ba ta cutar da maɗaci, ga hujja a tsaye. A ambaliyar 2020, da kogi ya kai wajen mita 7 a ma'aunin Yamai ya ci gidaje da garake, wasu mata da ruwa ya kora sun yi kwanaki suna wuni a ƙarƙashinsa da 'ya'yansu da 'yan tukwanensu, sama da inda ruwa ya tsaya. Inuwar ta yi wa kowa rana, har da wasu samari da 'yan mata masu riguna iri ɗaya da suka riƙa zuwa da allunan latsawa, suna zama kusa da matan ɗaya bayan ɗaya, suna magana ƙasa-ƙasa, suna miƙa musu hankici. Amma wannan wani zance ne daban, mu zancen ice muke yi.

Da rani ya zagayo karo na biyu, kan icen na ɓangaren kogi ya fara zubar da ganye bai mayar ba. Gara ta hau ta tsohon tabon ta yi gini. Nan ne tawaga mafi girma ta zo, mai injuna, ta yi awo na gaske. Takardar awon an tsara ta ne a wata ƙasa don itatuwan can. Tana da layi a kan yadda ice ke jure ƙanƙara, da layi a kan saurin tohonsa in sanyi ya wuce. Ba ta da layi a kan icen da ke wata takwas ba ɗigon ruwan sama, ya ratsa zafin Afrilu da ke haura 40 a ma'auni, ya kuma ba mutane inuwa. Ba ta da layi a kan wuƙa nawa ta riga ta bi ta jikinsa. Aka gwada sakamakonsa da na wasu itatuwa da ke cikin shingen wata jami'a, waɗanda ake ba ruwa da mesa, ba a taɓa ko ƙwarzanarsu ba. Aka samu maɗacin Yantala ya gaza a kusan kowane layi: ɓawonsa ba ya haɗewa da wuri, ɗacinsa ya ragu, ƙwari sun fi kama shi. Don Allah a yi wa masu kundin adalci, can wajen shafi na 40 sun rubuta cewa ice ɗaya suka auna, a yi hattara da yanke hukunci. Gidan rediyon da ya ɗauki labarin layin farko ya karanta, da Hausa da Zabarmanci, safe da yamma: masana sun gano itatuwan Yantala raunana ne tun asali.

Magana ta shiga gari. Matan da ke kasa sassaƙe a kasuwar Katako suka fara jin mai saye yana tambaya, "Inna, ba dai na Yantala ba ne ko?" Yaran da ke jera dashe a bakin hanya suka koma cewa nasu irin daga Gaya aka kawo. Tsoho ya kwashe ledojinsa daga bayan darni ya kai su can ƙurya, bayan mangwarori, inda ba a hangowa daga hanya. Wani mai kuɗi da ya daɗe yana zawarcin filin bakin kogi don gini ya sami kofen kundin, ya sa a jaka, yana nuna shi duk ofishin da ya shiga: ga abin da masana suka ce, wurin nan ba na shuka ba ne, kuma icen nan zai faɗo wa mutane. Ba a jima ba aka zo aka shafa wa gindin jan fenti. Madam da ta ji, an ce ranta ya ɓaci sosai, ta rubuta cewa ba haka suke nufi ba, an yi wa aikinsu mummunar fahimta. Da Turanci ta rubuta, a wata mujalla da ake biyan kuɗi kafin a karanta.

Tafinta shi ya rage a gari. Da ɗan gari akan ci gari, shi ya nuna hanya, shi ya san yadda ake gaida tsoho har ya saki jiki, shi ya riƙe tsani. A kundin farko an ambace shi a layin da aka gode wa mutanen wurin. In ya biyo ta bakin garake mata sukan tare shi: "Kai ɗan nan, ina mutanenka? Me suka ce sun gani?" Tun yana cewa ana nan ana aiki, har ya koma bin ta bayan maƙabarta in zai je makaranta, ko da yake ta fi nisa.

Amma aiki ba ya ƙin wanda ya iya shi. Kwanan baya ya sake saukowa daga wata farar motar, da wata Madam ɗin, ƙuruciya gare ta, ga fara'a. Takardar wannan karon shafi huɗu ce, don an ƙara tsaurara ƙa'ida, har da wurin da aka rubuta cewa an san wurin ya sha wahala a baya kuma ana girmama hakan. Tsoho ya saurara har ƙarshe yana gyaran bututun injinsa. Suka ce ba za su taɓa babban icen ba ko kaɗan.

"Baba, an ce a tambaye ka 'ya'yansa, ƙananan nan da kake rainawa. Ana so a duba ko abin yana bin iri."

Tsoho ya ce awaki sun cinye su tun bara.

Aka rubuta babu. Madam ta ce abin takaici ne, ta ce a ba shi sabulunsa duk da haka, ta kuma ce a tambaye shi ko ya san wata garkar.